Yadda ake naɗa rawani irin na mutanen Agadas

Wanda ya saba ganin Buzayen da ke zaune a Kaduna ya san naɗinsu ya sha bamban da na masarautar Zazzau. Ba kunne biyu, galibi ba hula a ciki, kuma amawali, wato sashen da ke rufe baki da hanci, shi ne jigon naɗin. A Agadas namiji ne ke rufe fuska, mace ba ta rufewa, kuma saurayi ba ya fara naɗi sai ya isa mutum.

Fara da yadin. Na yau da kullum, nemi auduga mara nauyi, yadi 5 zuwa 6. Ana samu a Kasuwar Shehu Gumi da ke Kaduna. Guji mai santsi ko mai roba, warwarewa yake yi, ga zufa. Na biki kuwa ɗan Kura ne, wanda ake rinawa da baba a garin Kura ta jihar Kano, a buge shi da shuni har ya riƙa walƙiya. Goga ɗan yatsa a kai: na gaske sai ya bar maka shuɗi a fata.

Ɗora yadin a ka, bakinsa ya sauko daf da gira. Bar gajeren gefe, kamar kamu biyu, ya zubo a kafaɗar dama. Riƙe shi da haɓa ko haƙori kada ya zame. Sai ka murɗa dogon gefen sassauƙar murɗa, ka zagaya kai da shi ta saman kunne. Zagayen farko shi ne tushe, shi za ka ɗaure da kyau. Kowane zagaye na gaba ya hau rabin na ƙasansa, a ƙarshe ka cusa bakin ta ƙeya. Yanzu ɗauko gajeren gefen, buɗe shi, ratsa fuska da shi ta kan karan hanci, ka soke a bayan kunnen hagu.

A nan masu koyo ke kuskure. In ka ja amawalin ya yi tsauri, ba za ka iya sauke shi zuwa haɓa ka mayar ba, alhali wannan motsin shi ne ladabin abin. Gaban suruki ko dattijo ana ɗaga shi har hanci, ido kaɗai ke waje. Mai kunya sosai ko shayi zai sha, ta ƙarƙashin amawalin yake shigar da kofin. Matse zagayen sama kuma ciwon kai kawai yake jawowa.

Na auduga a wanke shi da ruwan sanyi. Ɗan Kura kam kada ya ga ruwa, wanki ɗaya ke kashe ƙyallinsa. Daminar Kaduna ta fi ta Agadas laima nesa ba kusa ba, don haka bayan an cire a shanya shi a inuwa ya sha iska, a ninke bisa ninkinsa na asali, a naɗe cikin takarda, a ajiye nesa da fararen kaya.