Kurakuran da ke kashe amana a ƙungiyar teloli, da yadda ake gyara su

Ƙungiyar teloli a Sakkwato takan tashi da ƙarfinta: an zaɓi shugabanni, an buga katin shaida, an shafa fatiha. Shekara na zagayowa sai a kira taro, mutum bakwai su zo. Idan aka bi diddigi, yawanci nauyin baki ne ya cinye ta, wato abin da kowa ya gani amma ya yi shiru don kada a ce ya raina na gaba.

Kuɗi ne kan gaba. Ana naɗa dattijo mai gaskiya ma'aji, ana miƙa masa kuɗin wata hannu da hannu, ko a tura asusunsa na kansa. Shi ma yana da shago da iyali. Ranar da kan keken ɗinki ya lalace ko rashin lafiya ta faɗo gida, sai ya ɗan taɓa da niyyar mayarwa bayan Sallah. Wa zai tambaye shi, alhali rabin 'yan ƙungiyar a hannunsa suka koyi riƙe almakashi? Daga nan sai gunaguni ya koma bakin shaguna, mutane su daina biya.

Maganin shi ne asusun banki da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da ko sisi sai biyu sun sa hannu. Banki zai nemi takardar rajista. Idan ta CAC za a yi, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, don haka a fara da wuri. Kafin ta fito, a riƙe littafi biyu, ɗaya wurin ma'aji, ɗaya wurin sakataren kuɗi, da rasit mai kwafi. A kowane taro a karanta abin da ya shigo, abin da ya fita da abin da ya rage, tun ba wanda ya nema. Wannan shi ne muhimmi, domin idan sai an tambaya ake karantawa, mai tambayar ya zama mai zargi. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni a rubuta bashi.

Sai rabon aiki, inda zumunci ya fi saurin tsinkewa. Makaranta ta kawo ɗinkin yunifom ɗari uku da sunan ƙungiya, shugaba ya raba wa shaguna huɗu na kusa da shi, sauran sai dai su ga yadi yana wucewa a bayan babur. Hujjarsa ita ce su ya san aikinsu, kuma sau da yawa gaskiya ce. Amma wanda yake biyan kuɗin wata bai taɓa ganin ko wando ɗaya ba, zai ɗauka ƙungiyar ta wasu ce. A yi jerin sunaye a riƙa bi da bi. A ɗinka samfur guda a rataye, a rubuta awo, launin zare da ranar kawowa, a sa mutum biyu su duba kaya kafin a miƙa. Wanda ya saɓa rana ko ya ɓata aiki, a tsallake shi zagaye ɗaya, ko da ƙanen shugaba ne.

Ɗauke wa juna yara ma yana haddasa gabar shekaru. Ana saura kwana goma Sallah, aiki ya yi tsibi, sai maƙwabci ya ja yaron da aka sha wahalar koya wa yanka da ɗan ƙarin kuɗi. Doka ɗaya ta isa: ba a karɓar yaro sai an ji daga bakin maigidansa. Sai dai dole ta zo da 'yar'uwarta, a tsayar da shekarun koyo da lokacin yaye, in ba haka ba dokar ta zama igiyar ɗaure yara a shago.

Akwai kuma waɗanda sunansu ke littafi amma ba sa jin ana yi da su. Saurayin da ya zo daga Wurno ko Tambuwal ya kama shago, ya yi rajista, ya zauna a bakin tabarma taro uku ba wanda ya tambayi sunansa, ba zai zo na huɗu ba. A haɗa shi da tsohon ɗan ƙungiya guda na wata uku, ya nuna masa inda ake samun zare da maɓalli da sauƙi, da makanikin keke mai amana. A ba shi ƙaramin aiki, ko da kiran sunaye ne. Mata masu ɗinki a gida kuwa ana karɓar kuɗinsu, sannan a sa taro bayan isha'i. A mayar da shi bayan la'asar, a ba su kujera a kwamiti mai ƙuri'a, ba ta zaman kallo ba.

Gudummawar suna, aure da rasuwa a yanke adadinta a rubuce. Idan aka cika mota zuwa ta'aziyyar mai kuɗi, aka tura mutum biyu ta talaka, kowa ya gani.

Rikici kada a kai shi WhatsApp. Saƙon murya da aka yi cikin fushi yana yawo har shagunan da ba ruwansu, kuma ba ya janyuwa. A naɗa dattawa uku da ba sa cikin shugabanni, su saurari kowane ɓangare shi kaɗai, sannan su haɗa su cikin mako guda. Abin da aka yanke kawai ake faɗa wa taro.

Shugabanci kuma a sa masa wa'adi, misali shekara biyu sau biyu, a rubuta ranar zaɓe tun ranar rantsuwa. A kauce wa Ramadan da makonni biyu kafin Babbar Sallah, domin a lokacin ba telan da zai ɗaga ƙafa daga keke ya zo jefa ƙuri'a.