Darasi na 9: Yadda buƙatar gari ke shiga kasafin wilaya

Karatu

Sudan tana da wilaya, wato jiha, 18. Inda Hausawan Sudan suka fi zama shi ne wilayoyin Jazira, Sinnar, Nil Azraƙ, Gadarif da Kasala. Garin Mai Wurno da ke bakin kogi kusa da Sinnar ya haura shekara ɗari da kafuwa. Waɗanda suka kafa shi sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903. Jikokinsu da sauran 'yan uwa suna cikin waɗanda suka noma auduga a Jazira, suka yanki riɗi a Gadarif, suka kama kifi a kogin. Mu Hausawan Sudan, ana karɓar kuɗin kasuwa a hannunmu, ana karɓar na amfanin gona, ana karɓar zakka. Saboda haka wanda ya je ofis neman famfo ko ungozoma ba bara ya je yi ba, haƙƙinsa ya je nema. A riƙe wannan da kyau, domin mai jin kunyar tambaya ba ya iya rubuta takardar buƙata mai ƙarfi.

Wace ƙofa za a buga?

Mulki hawa uku ne. Akwai gwamnatin tarayya, wadda fasfo da lambar ɗan ƙasa da jami'o'i da manyan titunan da ke haɗa wilaya da wilaya ke hannunta. Akwai wilaya, wadda wali ke shugabanta daga babban birninta: Wad Madani a Jazira, Sinja a Sinnar, Damazin a Nil Azraƙ. Sai mahaliya, wato ƙaramar hukuma, wadda ta fi kusa da mu, kuma darakta ne ke tafiyar da ita. Galibi makarantar firamare, ƙaramin asibitin gari, kasuwa, shara da magudanar ruwa a mahaliya ake fara maganarsu. Babban asibiti, makarantar sakandare da hukumar ruwa kuwa sun fi komawa ga wilaya.

Mutane da yawa suna kashe kuɗin mota har babban birni a kan matsalar da ofishin mahaliya ne zai fara sa mata hannu, sai a ce su koma. Kafin ka tashi, tambayi umda, wato mai gari, ko kwamitin unguwa, wanda a da ake kira lajna sha'abiyya.

Ina majalisar take?

Tsarin mulkin 2005 ya ba kowace wilaya majalisar dokoki tata. A wancan lokaci, ita ke yin dokar wilaya, ita ke duba kasafin shekara kafin a kashe ko fam ɗaya, kuma tana iya kiran minista ya yi bayani. A lokacin kowane yanki yana da wakili, kuma shi ake kai wa kuka.

A watan Afrilu na 2019, da mulkin Umar al-Bashir ya faɗi, aka rushe majalisun nan. Takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Agustan 2019 ta yi alkawarin majalisar ƙasa wadda aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerunta za su zama na mata. Shekaru suka shuɗe ba a kafa ta ba. Sojoji suka karɓe mulki ranar 25 ga Oktoba, 2021, yaƙi kuma ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. A wannan tsakani wali da manyan jami'ansa ne ke zartar da kasafi, babu wakilin da jama'a suka zaɓa a wurin.

Wannan rashi ya fi cutar da talakan ƙauye. Mai ɗan uwa a ofis yana da wata hanyar shiga, shi kuwa manomi ba shi da kowa a ɗakin da ake rabon. Abin da ya rage masa shi ne takarda. Ranar da majalisa ta dawo ma, wakili ba zai iya tsayawa da bakin banza ba, takardar nan ce zai ɗaga.

Kasafi da lokacinsa

Kasafi lissafi ne na abin da gwamnati ke sa ran samu da abin da za ta kashe a shekara. Shekarar kuɗi a Sudan tana farawa a Janairu, ta ƙare a Disamba, don haka a watannin ƙarshen shekara ake haɗa na baɗi. Babi na farko albashi ne, kuma shi ke fara ci. Gina aji, haƙa rijiyar burtsatse da gyaran tankin ruwa suna jiran abin da ya saura, kuma garuruwa ɗaruruwa ne ke jiran ragowar.

Ga inda muke yin asara: lokacin haɗa kasafi ya zo daidai da kaka. A Oktoba kowa yana gonar riɗi, bayansa ga dawa. Kafin mu ɗago kai an rufe lissafi, sai mu kai kuka a bazara, sa'ad da ƙishi ya matsa, a ce mana babu shi a kasafin bana. Ku rubuta takardarku tun damina ba ta janye ba.

Hira

Wani saurayi ya kawo wa umda takardar da matasa suka rubuta.

Saurayi: Baba Umda, ga ta. Mun sa ruwa, makaranta, asibiti, hanya da wutar lantarki.

Umda: Ɗana, in an ce ɗaya za a yi bana, wanne za a yi?

Saurayi: Ai duka muna bukata, Baba.

Umda: Gaskiya ne. Amma in ba mu zaɓa ba, su za su zaɓa mana, ko su ajiye duka. Koma ka tara mutane. Kada ka manta da iyayenka mata, su ke ɗaukar jarka.

Zaɓen abu ɗaya shi ne mafi wuya, domin kowa da inda ke masa ciwo. A ganina, garin da ba shi da ruwa mai tsafta ya fara da ruwa. Kwalarar da aka sanar da ɓarkewarta a Agustan 2024, wadda ta yi ɓarna a Kasala da Gadarif, ta ruwan sha take bi. Yarinyar da ta wuni a layin famfo ba ta zuwa aji, ko da an gina shi. Amma garin da ke da ruwa, mata kuma suna rasa rai a hanyar zuwa haihuwa, ungozoma ce gabansa. Ku ne kuka san garinku.

Abin da takarda za ta ƙunsa

Ofis da Larabci yake aiki. Ku fara rubutawa da Hausa, a karanta wa taro kowa ya yarda, sannan malamin makaranta ya mayar da ita Larabci. Ga samfuri:

Zuwa ga Daraktan Mahaliyar ______
Daga mutanen garin ______
Assalamu alaikum. Garinmu yana da gida ______. Tankin ruwanmu ya lalace tun watan ______. Ruwa mafi kusa yana da nisan kilomita ______. Muna neman a sa gyaransa a kasafin shekarar ______. Mu za mu kawo yashi da bulo, mu yi gayyar haƙa.
Sa hannun umda, kwamiti da wakiliyar mata. Kwanan wata.

Lura da layin gayya. Makarantu da yawa a ƙasar nan da gumin jama'a aka gina su, kuma jami'i ya fi saurin sauraren garin da ya zo da nasa kason. Sai dai malami, magani da sinadarin tsaftace ruwa nauyin gwamnati ne, kada ku ɗauke mata shi a rubuce.

Ku yi kwafi biyu. A buga hatimin ofis da kwanan wata a kan naku, ku adana shi a wurin mutum ɗaya da kowa ya sani. In an canza darakta, kwafin nan ne shaidarku. Masu sa hannu su rubuta lambarsu ta ɗan ƙasa, wanda kuma yaransa ba su da takardar haihuwa ya nema musu, domin da ita ake shiga makaranta.

Aikin aji

1. A ce gari yana da gida 240, kowane gida yana sayen jarka 4 a rana. Jarka nawa garin ke saye a rana? Nawa a mako?
2. Rubuta sunan wilayarka, babban birninta da mahaliyarka.
3. Ku kasu gida biyu, maza da mata. Kowane ɓangare ya zaɓi buƙata ɗaya ya faɗi dalili. In zaɓin ya bambanta, ku tattauna har ku tsaya a kan ɗaya.
4. Cike samfurin da ke sama da bayanin garinku na gaskiya, ka kawo shi aji mako mai zuwa a gyara tare.