Kafin ka yanke hannun soja, gwada shi da na kusa

Jama'a masu haɗa rundunar ƙananan sojojin wasan yaƙi na kan tebur, kuna ɗauko kai ko hannun wani soja ku manna wa wani, ku fara tsayar da ma'auni ɗaya kafin ku sayi komai. Soja mai tsayin kimanin milimita 28 ba ya shiga sahu da na ma'aunin 1/72 (kashi ɗaya cikin 72 na tsayin mutum), wanda ya fi shi gajarta da siranta. Ko a 28 ɗin ma, wasu kamfanoni suna kumbura kai da tafin hannu, wasu su bar su daidai jikin mutum. Kan da tafin hannun su ke tona asirin haɗi, don haka ku ɗora sabon kan a wuya ku duba kafin ku taɓa gam.

Ni dai na fi son roba mai tauri, wuƙa na cin ta salin alin, gam ɗinta kuma narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Ƙarfe da rezin (wata irin roba da ake zubawa ruwa-ruwa ta daskare) ba sa jin wannan gam, sai sufa gulu. Shi ma bai isa ba idan hannun na riƙe da dogon mashi: ku huda ɓangarorin biyu, ku cusa guntun waya a tsakani.

Rezin ku wanke shi da sabulu, in ba haka ba fenti zai ƙi kamawa. Ku jiƙa shi kafin gogewa, ƙurarsa na cutar da huhu.