Yadda ake duba lafiyar halittun ƙasan teku a yankin ƙanƙara

Wannan na ƙannenmu ne 'yan bayoloji na nan Kaduna, musamman masu furojet a kan tsutsotsi da dodon koɗi na cikin lakar Kogin Kaduna kuma suna hangen ƙaro karatu a waje. Aikin da ake yi a gaɓar Antaktika ko tsibiran Svalbard na ƙasar Norway ɗan uwan naku ne, sai dai can akwai wani tarko da ke kayar da mutane, a kansa zan fi daɗewa.

Me ya sa na ƙasa ake dubawa ba kifi ba? Ai kifi in ruwa ya ɓaci gaba yake yi abinsa. Su kuwa tsutsotsin laka da masu ɓawo da soso da tauraron teku ba inda za su, duk abin da aka zuba a ruwan a kansu yake ƙarewa, kuma ruwan can sanyinsa na kaiwa -1.9 a ma'aunin salshiyas, girmansu a hankali yake sosai, to ɓarnar da aka yi tun kafin a haife ka kana iya tarar da sawunta har yau.

Kafin ka taɓa ruwa ka zauna ka zaɓi wurare. Misali McMurdo, babbar tashar binciken Amurka a Antaktika, har zuwa 2003 najasarta kai tsaye take shiga teku ba a tace ba, ga kuma wani lungun teku mai suna Winter Quarters Bay nan gefenta inda mai da PCB, wani sinadarin masana'antu mai guba, suka taru a laka. A irin wannan wurin jera tashoshinka, wato wuraren ɗibar samfur, za ka yi daga bakin bututun najasar kana nisa kaɗan-kaɗan, sannan ka nemo wuraren kwatance da hannun mutum bai kai ba. Kar ka yarda da guda ɗaya, aƙalla biyu ko uku, kuma dole zurfinsu da irin lakarsu da yadda ƙanƙara ke zuwa musu su yi daidai da na wurin da kake zargi.

To ga tarkon. Ita kanta ƙanƙara tana yin ɓarna irin wadda ƙazanta ke yi. Tsaunin ƙanƙara mai yawo in ya zo inda ba zurfi, gindinsa keta ƙasa yake kamar garmar shanu a gona, ya murƙushe komai, kuma masu fara dawowa bayansa ƙananan tsutsotsi ne masu saurin hayayyafa, wato dai irin waɗanda kake gani a wuri mai datti. A mashigin McMurdo har a ƙasan ruwa ƙanƙara ke daskarewa zuwa zurfin kusan mita 30, ta manne da halittu ta taso da su sama. A mashigin Kongsfjorden kuma, can Svalbard kusa da garin bincike na Ny-Ålesund, kogin ƙanƙara ne ke narkewa yana ta zubo laka, duk mai tace ruwa don ya ci sai lakar ta shaƙe shi, shi ya sa kusa da bakin kogin ƙanƙarar halittun 'yan kaɗan ne kuma ƙanana. An ga irin haka a lungun tekun Potter Cove na Antaktika kusa da tashar Carlini ta Ajantina da kogin ƙanƙarar Fourcade ya ja baya. Wanda bai san wannan ba zai ɗauko samfur ya buga lissafi ya ce mutane sun kashe wurin, alhali ba wanda ya zuba ko cokali ɗaya na wani abu.

Sai ɗibar samfur. In ƙasan laka ce ko yashi, Van Veen ake saukarwa da igiya, wani ƙarfe ne mai baki biyu da ke cizo ƙasa, wanda aka fi amfani da shi faɗin cizonsa 0.1 na murabba'in mita. Kowace tasha ka ɗiba sau 3 zuwa 5. In ya taso dutse ya tokare bakinsa, laka na zuba, zubar da shi ka sake, dan Allah kar ka ce ai ba komai don hannunka ya ƙage. Ka wanke a rariya mai ido milimita 1 ko 0.5, ni dai na fi son 0.5 a irin wurin nan don ƙananan su ne masu labarin, amma duk wadda ka fara da ita kar ka canza. Da ruwan teku ake wankewa kuma a hankali, ruwan daɗi fasa su yake, in ka matsa musu tiyo kuma tsutsar guntu-guntu za ta yi ba kai ba wutsiya. Abin da ya rage a rariya a sa a fomalin kashi 4 cikin 100 da ɗan jan rinin Rose Bengal don naman ya fito daga cikin tsakuwa, daga baya a mayar cikin etanol kashi 70. Wanda za a yi wa gwajin DNA kar fomalin ya taɓa shi, etanol mai ƙarfi kai tsaye. Lakabi kuma da fensir, a jefa cikin kwalbar, biro wankewa yake.

In dutse ne a ƙasan Van Veen ba ya ci, hoto ake ɗauka, ko masu nutso ko na'ura mai kamara. Kuma kowace tasha ka keɓe laka daban ta gwajin girman ƙwayarta da ruɓaɓɓen abu da ƙarafa da mai, ka auna sanyi da gishirin ruwa. Wannan ɗin shi zai cece ka a ƙarshe.

Aikin leb watanni yake ci a gaban maikiroskof, ana warewa ana ƙirgawa, sunaye kuma a tabbatar da su a WoRMS, rumbun sunayen halittun teku na intanet.

Daga nan lissafi. Yawan nau'o'i, ma'aunin Shannon na bambancin nau'o'in, sai AMBI, ma'aunin lalacewar wuri, wanda Ángel Borja da abokan aikinsa na cibiyar AZTI a Sifen suka fitar a 2000. Tushensa abin da Pearson da Rosenberg suka nuna a 1978 ne, cewa in ruɓaɓɓen abu ya yi yawa manya masu tsawon rai ɓacewa suke, ƙanana irin su tsutsar Capitella capitata su cika wurin. AMBI ya kasa halittu gida 5, daga marasa jure datti zuwa masu jin daɗinsa, maki daga 0 na wuri mai lafiya zuwa 6 na wanda ya ɓaci sosai, in ba mai rai ko ɗaya 7. A 2007 aka fito da M-AMBI da ya haɗa ukun duka. Matsalar ita ce jerin sunayen da halittun Turai aka fara shi, na Antaktika da yawa ba a ba su gida ba, kuma su masu shi da kansu sun ce in waɗanda ba su da gida sun wuce kashi 20 a yi hattara, in sun wuce 50 a ajiye shi kawai.

Saboda haka kar maki ya ruɗe ka. Ka ɗora shi kan sakamakon lakar ka gani. In halittu na raguwa kana matsowa bututu, mai da ƙarafa na ƙaruwa, laka ta yi baƙi tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, to wannan aikin mutum ne. In kuwa lakar tsaf take, kuma wuraren kwatancenka ma haka suka talauce, ƙanƙara ce. Kuma zuwa ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an koma wuri ɗaya a lokaci ɗaya shekara da shekaru.

Ba sai ka sami biza ba za ka fara. Manhajar AMBI kyauta ce a shafin AZTI, bayanan samfuran da wasu suka ɗebo suna nan a rumbunan bayanai na OBIS da PANGAEA, ka sauke ka koyi juya su da manhajar lissafi ta R. Rariya da lakabi da ware tsutsa kuwa a bakin Kogin Kaduna ma hannu zai faɗa, sai dai kar ka buga wa samfurin kogi AMBI, na ruwan gishiri ne, ma'aunai na kogi irin su BMWP ake yi masa.