Yadda ake gano jinsin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin yaran da ke shan maganin rigakafin damina

Tun bayan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2012, rigakafin damina da ake kira CPS ya zama aikin kowace shekara a Nijar, inda daga Yuli zuwa Oktoba ake bi gida-gida ana ba yara masu wata 3 zuwa 59 haɗin sulfadoksin-pirimetamin da amodiyakin sau ɗaya a wata. Yaron da ke shan wannan magani yana iya ɗauke da ƙwayar cutar kaɗan a jininsa ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Gwajin gaggawa na TDR mai neman sinadarin HRP2 a jini kuwa jinsin ƙwayar cutar da ake kira falciparum kaɗai yake gani, ba ruwansa da sauran jinsuna irin su malariae, ovale ko vivax, kuma yakan kuskure idan ƙwayoyin ba su kai ɗari ba a mikrolita guda na jini. Gwajin PCR, wanda ke bin sawun DNA, wato sinadarin gado na ƙwayar, shi ke cike wannan giɓi.

Kafin a taɓa yatsan yaro, sai an sami amincewar kwamitin ɗa'a na ƙasa, sannan a yi wa uwa ko uba bayani da harshen da suke ji, su sa hannu ko su dangwala. A ɗebi jinin kafin yaro ya haɗiye maganin watan, domin idan aka jira bayan kwana ukun da ake shan amodiyakin a kowane wata, abin da ake nema ya riga ya ragu. Yaron da aka tarar da zazzaɓi kuma TDR ya nuna cutar, magani ake ba shi nan take, ba a jiran sakamakon da zai ɗauki makonni.

A rubuta lambar yaro da kwanan wata a jikin takardar Whatman, wato takardar da ake ɗiga jini a kai ya bushe, tun kafin a soki yatsa. A goge yatsan da alkol, a bari ya bushe, a soke shi da allurar da ba a taɓa amfani da ita ba, a share ɗigon farko, sannan a bar ɗigo biyu ko uku su sauka kowanne a da'irarsa har jinin ya ratsa zuwa bayan takardar. Kada a matse yatsan da ƙarfi, kada kuma a ɗora ɗigo a kan ɗigo.

A ganina, wajen shanya ne aka fi yin asara. A watan Agusta, ko a Tawa da aka san ta da bushewa, iska tana ɗauke da laima, kuma takardar da aka cusa cikin leda da ɗanyen jini takan isa Yamai da furfurar ruɓa a kanta. A shimfiɗa takardun a inuwa, nesa da rana, kowace daban ba tare da ta taɓa ƴar'uwarta ba, a rufa musu gidan sauro saboda ƙudaje, su yi aƙalla awa huɗu, ko ma su kwana. Idan jan jinin ya koma ruwan ƙasa mai duhu, sai a saka kowace a ledarta tare da ƙunshin silika mai tsotse laima.

A ɗakin bincike, irin na cibiyar CERMES da ke Yamai, ana huda ɗan ƙaramin yanki daga ɗigon, ana tsabtace abin hudar tsakanin takarda da takarda, sannan a fitar da DNA da sinadarin Chelex ko da kayan aikin kamfani. Hanyar PCR da masanin kimiyya Snounou da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 zagaye biyu ce a kan ƙwayar gado ta 18S: na farko yana riɓanya abin da duk dangin Plasmodium, wato ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro, suka yi tarayya a kai, na biyu kuma yana ware jinsi. A kan jel ɗin agaros, inda guntayen DNA suke fitowa layi-layi gwargwadon tsawonsu, falciparum yana fitowa a tsawon harufan DNA 205, malariae a 144, vivax a 120, ovale kuwa wajen 800. Dole ne kowane zubi ya ƙunshi samfurin da aka san yana da cutar da kuma wanda ruwa ne zalla. Idan layi ya fito a na ruwan, aikin ya gurɓata, sai a sake daga farko.

Wajen karanta sakamako, a tuna cewa yaro ɗaya yana iya ɗauke da jinsi biyu, don haka ba a tsayawa da zarar an ga falciparum. Ovale yana kwanciya a hanta inda maganin CPS ba ya kai masa, shi ya sa ganinsa bayan wasu watanni ba hujja ba ce cewa maganin ya daina aiki. Mai son sanin ko falciparum ya fara bijire wa maganin, sai ya ajiye ragowar DNA a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, domin a duba sauye-sauyen ƙwayoyin gado na dhfr da dhps da ke sa shi bijire wa maganin, musamman sauyin da ake kira K540E.