Yadda ake farfaɗo da gonar fadama bayan ambaliya ta janye

Manomin fadama a Kebbi ba baƙon ruwa ba ne. Daga Augie da Argungu, a biyo gulbin Rima zuwa Birnin Kebbi, Kalgo, Bunza da Suru, har a faɗa Kwara wajen Bagudo da Yauri, kowa ya taɓa ganin shekarar da shinkafa ta kwana a ƙarƙashin ruwa. An gani a 2012, an gani a 2020 lokacin da ruwan Agusta da Satumba ya shanye gonaki ana tsaka da sa ran girbi, aka sake gani a 2022. Asarar damina kam ta riga ta faru. Wadda ke durƙusar da gida ita ce ta biyu: mutum ya ciwo bashi don ya rama da noman rani, ya yi kaftu a gaggauce, ya dasa shinkafa a kan yashin da ruwa ya zube masa, sannan ya wayi gari yana ɗura fetur a inji kullum amma fangali ba ya riƙe ruwa. Wannan asarar ana iya kauce mata, kuma a makonni ukun farko bayan janyewar ruwa ake kauce mata.

Shiga ta farko, da sanda da takalmin roba za ka yi ta. Ka bar fartanya a gida. Tarin ciyawar burgu da ƙainuwa da itacen da ruwa ya jibge a gefen gona maɓoyar macizai ce, kada ka sa hannu ka ɗaga sai ka fara zungura. Ka ɗauki hoton gonar da waya ta kusurwa huɗu tun alamar ruwa tana jikin itatuwa, don idan akwai inshorar NAIC, hukumar inshorar noma ta ƙasa, a kan bashinka, ko jami'an SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, suka zo ƙididdiga, shaidar da ke hannunka za a duba. A ranar kuma ka nemi maƙwabtan gona da mai unguwa a sake tsayar da iyaka. Ruwa ya shafe kunya, ya tumɓuke alama. Iyakar da aka tsayar tun ƙasa tana fili ba ta kawo magana, wadda aka bari sai shuka ta fito kuwa sau da yawa sai an je gaban hakimi.

Auna abin da ruwa ya bari

Nan ne yawancin mutane suke tsallakewa, kuma nan ne gona take tashi ko ta mutu. Ruwa ba ya zube kaya iri ɗaya a ko'ina. Inda ya fasa gaɓa ya shigo da ƙarfi, yashi yake ajiyewa. Inda ya kwanta ya huce, laka mai laushi yake bari, kuma ita wannan arziki ce, ita ta mai da fadama fadama. Daga sama duk biyun suna iya yin kama, domin lakar ƙarshe takan lulluɓe yashi da ɓawo siriri mai duhu. Mai kallo daga bakin gona sai ya ce ƙasa ta samu taki, alhali yatsa biyu a ƙasa farin yashi ne zalla.

Saboda haka sai an haƙa. Ka ɗauki shebur ka bi gonar, duk taku 20 ka yanka rami mai zurfin kamu ɗaya, ka gyara bango ɗaya ya miƙe. Za ka ga layi ƙarara inda sabon kaya ya hau kan tsohuwar ƙasarka, galibi har da ruɓaɓɓen karan shinkafa kwance a tsakani. Ka auna daga wannan layin zuwa sama. A hekta ɗaya rami 25 ke nan ko kusa da haka, aikin safiya ɗaya ne ga mutum biyu. Kowane rami ka kafa masa kara, ka ɗaura tsumma in yashi ya yi kauri a wurin, yadda in ka tsaya daga nesa za ka ga taswirar gonar da idonka.

In yashin bai wuce santimita 5 ba, wato faɗin yatsu uku, kaftun da ka saba ya isa ya gauraya shi. Daga 5 zuwa 20, sai an juya ƙasa da zurfi, kuma ƙa'idar ita ce garma ta nutse kusan ninki biyu na kaurin yashin, don ta ɗauko laka daga ƙasa ta haɗa. Yashin santimita 10 yana son juyi na santimita 20. Garmar shanu da ƙyar take kai wannan, haro na tarakta kuma saman kawai yake tsefewa, ya bar yashi a kan yashi. Ka faɗa wa mai tarakta ƙarara cewa garmar juyi kake so, ka bi shi da shebur a sahun farko ka duba ko baƙar ƙasa tana fitowa. In ba ta fitowa, ka tsayar da shi tun kafin kuɗinka su ƙone.

Abin da ya haura santimita 20 ba ya gauraya. Ko dai a baza shi zuwa inda ya yi ƙaranci, ko a kwashe, ko a haƙura da shinkafa a wannan ɓangaren bana. Kafin ka ce za ka kwashe, yi lissafi: yashi mai kaurin santimita 10 kacal a hekta ɗaya kubik mita 1,000 ne. Tifa mai ɗaukar kubik mita 10 sai ta yi sawu 100, da baro kuwa ya kai sawu 15,000. Ba wanda zai kwashe wannan da 'ya'yansa. Abin da ake yi shi ne a kwashe harshen yashin da ya fi kauri kusa da inda ruwa ya fasa, a cike ramukan da ruwa ya ƙwaƙule da shi, a rufe saman da laka. In yashin mai kaifi ne kuma mota tana iya shiga, ka nemi masu buga bulo, sau da yawa su za su kwashe da kuɗinsu. Amma kada ka gina kunyar fangali ko gaɓar tare ruwa da shi, ban-ruwan farko zai tafi da ita.

Ko bayan an juya, kada ka yarda da ido. Ka tayar da ɗan fangali taku uku a taku uku a wurin da kake shakka, ka cika shi da ruwa, ka bari ya sha, ka sake cikawa zuwa santimita 10 da yamma, ka kafa tsinke a bakin ruwan. Da safe ka duba. In ya sauka da yatsa ɗaya ko biyu, ƙasar shinkafa ce. In ka tarar da fangali ya ƙafe, wannan wurin zai cinye ribarka a fetur, kuma duk yuriyar da ka zuba za ta bi ruwa ta nutse. Ka ba shi kankana, dankali ko wake. Su suna son ƙasa mai sako-sako, kuma da ganyensu da harawarsu za su fara mayar wa wurin da rai. Ka zuba masa takin shanu gwargwadon abin da ka samu, shekara biyu ko uku a jere, kafin ka sake gwada masa shinkafa.

Kada ka yi kaftu ƙasa tana ɗanya

Zuciya tana son a ga an fara aiki, amma tarakta a kan jiƙaƙƙiyar laka tana danne ƙasa ta zama kamar daɓe, ta bar hoge da in ya bushe sai da guduma. Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗebo ƙasa daga zurfin tafin hannu, ka dunƙula, ka sake ta daga tsayin ƙugu. In ta tarwatse, a shiga. In ta faɗi a dunƙule ko ta manne a yatsu, a ƙara kwana huɗu ko biyar. In ramin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasar kuma ta yi toka-toka mai shuɗi, iska ba ta koma cikinta ba tukuna. Ka yanka 'yar magudana daga kwarin gonar zuwa inda ruwa zai fita, ka bar rana ta yi aikinta. Kwarin da ruwa ya tsaya a ciki kuma kada a yi saurin yashe shi, yawanci akwai tarwaɗa a ciki, kuɗin iri ne.

Ɓawon lakar da ya bushe ya tsattsage a sama, shi ma a farfasa shi da haro mara zurfi, in ba haka ba tsiro ba ya iya huda shi. Tarkacen ciyawa da kara ban yarda a ƙone su duka ba. A tsince leda, robobi da kwalabe, a tara aya-aya da ƙiriƙiri daban a ƙone don saiwarsu tana sake tashi, sauran a jibge a gefe a riƙa yayyafa ruwa su ruɓe. Ka kuma sa ran ciyawa baƙuwa, domin ruwa ya kawo maka irin ciyawar gonakin da ya ratso. Dabarar da ta fi araha ita ce bayan kaftu a ba gona ruwa sau ɗaya, a jira kwana 10 ciyawa ta tsiro, a bi ta da haro ko magani, sannan a dasa.

Mutanen bakin Kwara, Bagudo, Shanga, Yauri da Ngaski, akwai ƙarin lissafi a kanku. Kogin yana da cika ta biyu, ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali, wanda ke isowa tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da sama ba ko gajimare. Kada a kafa wurin renon iri a can ƙasa kusa da ruwa don an ga ya ja a Nuwamba.

Iri da taki

Irin da ruwa ya taɓa a rumbu ko a buhu, ko an shanya shi ya bushe, kada ka dogara da shi sai ka gwada. Ƙirga ƙwaya 100, ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ka ajiye a ɗaki mai ɗumi, ka riƙa jiƙawa. Bayan kwana 7 ka ƙirga masu tsiro. Daga 80 zuwa sama, iri ne. Tsakanin 60 da 80, ka ƙara yawan abin da za ka zuba. Ƙasa da haka a kai injin casa. Gwajin nan har da irin da aka raba na tallafi da wanda ka sayo a kasuwa, domin bayan ambaliya shinkafar ci takan shiga buhun iri.

Na rani, shinkafa FARO 44 ce zaɓina, tana nuna cikin kusan wata huɗu kuma masu saye sun san ta. A bana dashe ya fi yafi nesa ba kusa ba: kilo 25 zuwa 30 ya ishi hekta, yafi kuwa yana cin kusan ninki uku, ga shi ƙasar ba ta daidaita ba, ga ciyawa. A cire dashe yana da kwana 14 zuwa 21, a dasa biyu-biyu, santimita 20 tsakani ta kowane gefe. Sanyin hunturu yana tsayar da iri a wurin reno, ya sa shi rawaya. A lulluɓe gadon da siririyar bambaro har ya tsiro, a riƙa ba shi ruwa da hantsi, ba da asuba ba.

Sabuwar laka tana da abinci, amma sinadarin da yuriya ke bayarwa shi ruwa ya fi wankewa. A hekta, buhu 4 na kamfa 15:15:15 lokacin dashe, sannan yuriya buhu 2, rabi bayan mako uku, rabi lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ciki. Inda aka gauraya yashi, a raba yuriyar gida uku. In kuɗi bai kai ba, rage faɗin gonar ya fi a tsinka taki a ko'ina: rabin hekta da ya ƙoshi ya fi hekta mai yunwa. Wanda zai sa masara a ƙasar da ta yi makonni a cikin ruwa, ya sa supa a gindi tun wurin shuka. In ya ga ganye ya yi ja-ja kamar an shafa masa shuni, ƙarancin sinadarin da supa ke bayarwa ne.

Injin ban-ruwa da ya nutse kada a ja igiyarsa ko sau ɗaya. A zubar da baƙin mai da fetur, a cire fulogi, a juya injin ruwa ya fita, a wanke kafireta, a canza matatar iska, a zuba sabon mai, a tayar minti 10, a sake zubarwa a canza. Rijiyar bututun da ta cika da yashi a sa masu haƙa su wanke ta da matsin ruwa kafin a ɗaura mata inji. Rijiyar sha a yashe ta tas a sa sinadarin kulorin, kafin nan a tafasa ruwa, amai da gudawa a irin wannan lokacin yake shiga gari. Shanu da tumaki a ba su maganin tsutsar hanta, a duba kofato, kada a ba su harawar da ta yi fumfuna. Shanun huɗa kuwa su ne na ƙarshe da za a sayar, ko bashi ya matsa.

Na damina mai zuwa, tun yanzu ka tambayi malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kebbi, irin FARO 66 ko FARO 67, waɗanda aka fitar a 2017 don wuraren da ruwa ke hawa. Suna jure nutsewa na kusan mako biyu suna ƙanana, su sake tashi in ruwa ya ja. Abin da ya wuce haka, ko ruwan da ya zo bayan sun fitar da kai, su ma ba sa tsira. Ka sa su a kwarin gonar, ka saurari hasashen hukumar yanayi NiMet da na hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna kafin ka yanke lokacin shuka, sannan buhun irin da za ka ajiye a kai shi gidan ɗan'uwa a tudu tun watan Yuli.