Kafin ka yaɓe tsagar bangonka

Na fi shekara talatin ina gini tsakanin unguwannin Birni da Zango a Damagaram, ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Amma da girgizar ƙasa ta auka wa Maroko a Satumban 2023, ɗana ya nuna mini hotunan tsohon garin Marakesh a waya, sai na ga ciwon da na sani: kusurwa ta buɗe baki, bango ya rabu da ɗan'uwansa, rufi ya zauna. Mu a Damagaram ruwan sama ke mana wannan ɓarnar. Shi ya kwantar da tsohon masallacin Birni a Satumban 2024.

In ɗakinka ya tsage, a fitar da yara da tsofaffi tukuna. Sannan ka ɗaura dutse a igiya, ka sako shi daga kan bango. In bangon ya kauce wa igiyar, ya fara rinjaya ke nan. Tokare shi da itace, a sauke shi a hankali tun daga sama. Wannan ba ya karɓar gyara.

In yana tsaye, zauna ka karanci tsagar. Siririya mai kamar gashi a fuskar yaɓe, ba komai. Wadda ta taso a karkace daga bakin taga ko ƙofa, ko wadda kake hango hasken waje ta cikinta, ita ce abin tsoro. Ni abin da nake yi, sai in manna ɗan siminti kamar tafin hannu a kanta, in rubuta kwanan wata da gawayi. Bayan sati biyu in dawo. In simintin ya dare, ginin yana tafiya, ciwon kuma yana ƙasa. Duba gindin bango, galibi ruwan indararo ne ya cinye shi.

Gyaran kusurwa ne inda yaran yanzu ke ha'inci, su cusa laka su shafe, maigida ya ga sumul ya biya. A'a. A fafe tsagar, a jiƙa, a kwantar da guntayen azara a gicciye, kamu ɗaya a wannan bango kamu ɗaya a wancan, a mayar da tubali sahu-sahu, kowane sahu ya sha iska kafin na gaba. Azarar giginya ce, don gara ba ta cika damun ta ba. Tsofaffin azara da tubalin da suka tsira kada a zubar, sun fi na kasuwa.

Wani Alhaji ya matsa mini in lulluɓe masa bangon ƙasa da siminti. Na ce, ranka ya daɗe, ƙasa tana son numfashi. Ya kira wani. Damina biyu, simintin ya ɓamɓaro kamar ɓawon gyaɗa, cikin ya zama kunu. Yanzu makuba, yaɓen gargajiya na ɓawon ɗorawa, muke shafa masa, kuma na sa an ƙara wa indararonsa tsawo don ruwan ya riƙa faɗuwa nesa da gindin bango.